Matakala Uku Tsakanin Tsoho da Gadonsa

A Amurka akwai wani ɗaki mai taya da ake ƙulla wa mota a baya, a ja shi duk inda aka nufa. A cikinsa akwai gado, murhun gas, firji, banɗaki da ɗan wurin zama, duk a matse cikin tsawon mita shida zuwa goma. Don yawon hutu aka ƙera shi: iyali su ja shi zuwa bakin tafki ko gindin dutse, su kwana biyu, su koma gida. A shekarar 2021 kaɗai masana'antu sun fitar da irin waɗannan gidaje na tafi-da-gidanka sama da 600,000, idan aka haɗa masu injin kansu da waɗanda ake ja, kuma mafi yawansu daga jihar Indiana suke fitowa, musamman garin Elkhart da kewayensa.

Sai dai ba kowa ke da gidan komawa ba. Tsadar haya, bashin asibiti da ƙarancin kuɗin fansho sun sa dubban tsofaffi sun mai da ɗakin hutu mazauninsu na dindindin. 'Yar jarida Jessica Bruder ta bi irin waɗannan mutane ta rubuta littafin Nomadland a 2017, fim ɗin da aka yi daga littafin kuma ya ci kyautar Oscar a 2021. Amma fim ya fi son nuna masu tafiya a kan titi da rana tana faɗuwa. Wadda ba a cika nunawa ba ita ce tsohuwar da ta daina tafiya, aka ajiye mata ɗakin a bayan gidan 'yarta ko a filin haya, tayoyin suka shekara biyar ba su juya ba, gwiwa ta fara ciwo, ido ya rage gani, kullum kuma sai ta hau ƙarafa uku kafin ta kai ga gadonta.

Duk wanda ya duba ƙofar irin wannan ɗaki zai gane cewa ba a yi ta da tunanin mai rauni ba. Daɓen ɗakin yana sama da ƙasa da kamar santimita 60 zuwa 90, domin a ƙarƙashinsa akwai tayoyi, sifirin da tankunan ruwa. Matakalar ƙarfe ce mai naɗewa, siririya, a rataye take a jikin ɗakin ba tare da ta taɓa ƙasa ba, saboda haka tana lotsawa idan aka taka. Tazarar matakin farko kuwa ta danganta da yadda ƙasar wurin take: yau kusa, gobe an sauya wuri ya yi nisa. Ƙofar waje take buɗewa, wato mai shiga sai ya ja ta zuwa jikinsa, ya ja da baya a kan mataki, hannu ɗaya da sanda, ɗayan da ledar cefane. Abin riƙewa sau da yawa ɗan maƙalallen hannu ne guda a gefen ƙofa.

Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce a kowace shekara mutum ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka kai shekara 65 yana faɗuwa, kuma faɗuwa ce kan gaba wajen raunukan da ke kashe tsofaffi a ƙasar. Karayar ƙugu ga ɗan shekara 75 ba ƙaramin al'amari ba ce. Da yawa daga nan suke rabuwa da zaman kansu. To a haɗa wannan da matakala mai lilo, cikin duhu, bayan an yi ruwa.

Abin da ya kamata a faɗa a fili shi ne, ranar da aka ajiye ɗakin nan da niyyar zama, ya tashi daga abin hawa ya koma gida, kuma ƙofarsa ta cancanci duk kulawar da ake ba ƙofar gida. Kafintocin da suka san aikin sun daɗe da gane haka. Masana'antu da dokokin ƙananan hukumomi ne suke jan ƙafa.

Aikin ba daga matakala yake farawa ba, daga ƙasa yake farawa. Sai an zaɓi wuri mai tauri da ruwa ba ya kwanciya, a zuba tsakuwa a daddale ko a yi daɓen siminti. Sannan a daidaita ɗakin da ma'aunin lebur gaba da baya, hagu da dama, a sa wa tayoyi waigi. Akwai ƙananan ƙafafun ƙarfe a kusurwa huɗu da ake murɗawa su sauko, kuma a nan sababbin shiga ke yin kuskure: waɗannan ƙafafu don hana girgiza aka yi su, ba don ɗaukar nauyi ba. Wanda ya ɗaga ɗaki da su zai lanƙwasa su, ko ya murɗe shasin, sai ya wayi gari ƙofa ta ƙi rufuwa. Don zama mai tsawo ana jera bulo ko ƙafafun ƙarfe masu ƙarfi a ƙarƙashin manyan ƙarafan shasi, a rage wa tayoyi nauyi, a rufe su daga rana don kada su tsattsage. Inda iska ke da ƙarfi ana ɗaure shasin da turakun ƙarfe da aka murɗa cikin ƙasa. Bayan ruwan farko kuma a sake aunawa, domin ƙasa tana zama, santimita biyu da ɗakin ya nutse kuwa sun isa su mai da dokin ƙofa abin tuntuɓe.

Sai ɗakin ya tsaya cak sannan ake zancen dandamali. Shi ne zuciyar aikin, ko da mai ɗakin ba ya hawa keken guragu. Ana gina shi daidai da tsayin daɓen ɗakin, ƙasa kaɗan yadda ƙofa za ta buɗe ba ta goge shi ba, da faɗin da mutum zai tsaya a gefe ya ja ƙofar ba tare da ya koma baya ba. Ƙa'idar Amurka ta wurin juyawar keke ita ce kimanin santimita 152 ta kowane gefe. Kuma dandamalin da ƙafafunsa yake tsayawa, ba a kafe shi a jikin ɗakin. Bangon ɗakin siriri ne, ba zai riƙe nauyi ba, ga shi ɗakin yana ɗan motsi duk lokacin da aka yi tafiya a ciki. Ana barin ɗan tsagi kamar faɗin yatsa, a rufe shi da farantin ƙarfe.

Daga dandamali zuwa ƙasa ne lissafi ke fara ba mutane mamaki. Dokar kare haƙƙin masu nakasa ta Amurka, ADA, wadda Shugaba George H. W. Bush ya sa wa hannu ranar 26 ga Yulin 1990, ita ce ta zama ma'aunin da kowa ke kallo, duk da cewa ba ta tilasta wa mutum komai a gidansa na kansa ba. A ƙa'idojinta, hanyar gangara ta keke tana buƙatar tsawon santimita 12 a kan kowane santimita ɗaya na tsayi. Ɗakin da daɓensa ke sama da ƙasa da santimita 75 ke nan yana neman gangara mai mita tara, wato tsawon ɗakin kansa ko fiye. Faɗinta kada ya gaza santimita 91, a sa mata abin riƙewa dama da hagu, da ɗan kangi a gefe don kada taya ta zame. Idan fili bai kai ba sai a naɗe ta gida biyu, a yi wurin hutawa a tsakiya.

Mutane da yawa idan suka ji mita tara sai su ce a rage, a jingina faranti mai mita uku a wuce wurin. Wannan ba taimako ba ne. A irin wannan tsayi mai keke ba zai iya tura kansa ba, mai tura shi zai sha wahala wajen hawa, wajen sauka kuma keken ne zai ja shi. An kashe kuɗi, an sayi sabon haɗari.

Akwai dabarar rage tsayin tun daga tushe. Wasu suna zaɓar wuri mai ɗan tudu su ajiye ɗakin a gefensa yadda ƙofa za ta fuskanci tudun. Wasu suna tara ƙasa su yi hanya mai hawa a hankali. Wasu kuma suna haƙa rami mara zurfi su sa tayoyin a ciki, dabarar da ke aiki a busasshiyar ƙasa irin ta Arizona amma ta zama tarkon ruwa da tsatsa inda damina ke da ƙarfi. Kowane santimita 10 da aka rage na tsayi ya rage fiye da mita ɗaya na gangara, da katakonta da kuɗinta. Akwai kuma na'urar ɗagawa mai lantarki, wadda ba ta cin fili, sai dai tana cin kuɗi, kuma tana son batir na ko-ta-kwana don ranar da wuta ta ɗauke.

Ba kowane mai rauni ne gangara ta dace da shi ba, abin da masu gaggawar taimako kan manta. Mai ciwon gwiwa ko mai dogara sanda sau da yawa ya fi samun sauƙi a matakai masu faɗi, gajeru, kowanne kamar santimita 10, masu zurfin da ƙafa biyu da sanda za su zauna, da ƙarfen riƙewa a kowane gefe. Doguwar gangara tana gajiyar da shi, tana kuma tura shi gaba lokacin sauka. Tambayar mai jikin, a kuma ga yadda yake tafiya, ta fi kowane zane. A ƙara da fitila mai kunna kanta, abin hana santsi a kan katako, da rumfa a saman dandamali don kada mutum ya tsaya cikin ruwa yana laluben makulli.

Duk wannan kafinta nagari zai iya. Inda hannunsa ke tsayawa shi ne ƙofar kanta. Ƙa'idar ADA tana neman sararin santimita 81, amma ƙofofin yawancin waɗannan ɗakuna tsakanin 61 ne da 76, keken guragu na babban mutum kuwa yakan kai 65 ko fiye, ban da hannuwan da ke tura tayoyin. Faɗaɗa ƙofa na nufin yanka bango mai ɗauke da wayoyin lantarki, a raunana ƙarafan da ke riƙe da rufi, a buɗe wa yoyo hanya, kamfani kuma ya janye garanti. Ko an shiga ma, ga banɗakin da ba a juyawa a ciki. Sannan ga maganar gobara: hanyar tsira ta biyu a yawancinsu taga ce da ake turawa a dira ƙasa. Ga mai keke wannan taga ba ta da amfani, a ɗakin da ke da tukunyar gas da bango mai saurin kama wuta.

Masana'antu ba za su ce ba su iya ba. Kamfanin Winnebago yana sayar da motoci masu faffaɗar ƙofa da na'urar ɗaga keke, amma a farashin da tsohon da ya gudu daga tsadar haya ba zai ko taya ba. Abin da ya fi ba da haushi yana jihar Minnesota, inda ake ƙera ɗakunan kamun kifi a kan daskararren tafki. Waɗannan ɗakuna ana jan su kamar sauran, amma idan aka isa wurin sai a saki shasin ya sauko har ya kwanta a kan ƙanƙara, domin masunci ya zura ƙugiya ta ramin da ke daɓen. An warware matsalar tsayi tsaf saboda kifi. Saboda tsohuwa mai ciwon ƙugu kuwa, har yanzu sau da yawa matakala mai lilo ce ke fitowa daga masana'anta.

Doka ma da nata laifin. Gidajen da ake harhaɗawa a masana'anta suna ƙarƙashin ƙa'idar ma'aikatar gidaje ta tarayya tun 1976, amma an ware ɗakunan hutu daga cikinta bisa hujjar cewa ba mazauni ba ne na dindindin. Ƙananan hukumomi da yawa sun hana zama a cikinsu fiye da wasu kwanaki. A yankunan da ambaliya ke barazana, ƙa'idar inshorar ambaliya ta tarayya ta ba da zaɓi uku: ko ɗakin ya bar wurin kafin kwana 180, ko ya kasance da lasisi a shirye yake ya hau titi, ba tare da wani gini da aka kafe a jikinsa ba, ko kuma a ɗaga shi a ɗaure shi kamar cikakken gida. Masu filayen haya kuma suna da nasu sharuɗɗan, wasu sun hana dandamali baki ɗaya. Sakamakon shi ne mutum yana iya shekara goma a ɗaki, amma a kan takarda baƙo ne mai wucewa, ranar da ya nemi gangara kuma a tuna masa cewa abin hawa ne yake ciki.

Masu wannan tsauri suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. A gaɓar Florida ko Louisiana, idan guguwa ta taso, ɗakin da aka kewaye da gine-gine ba ya janyuwa, katakon da ruwa ya kwasa kuma yana fasa gidajen maƙwabta. Mai fili ba ya son wurinsa ya cika da rumfunan da kowa ya ƙwanƙwasa yadda ya ga dama. Amma maganin wannan ba hanawa ba ne. Akwai gangarar alminiyum da ake haɗawa gunduwa-gunduwa da kusoshi masu murɗi, mutum biyu su kafa ta cikin yini, su kwance ta cikin sa'o'i, ba ta taɓa jikin ɗakin. Abin da ake buƙata daga hukuma shi ne ta rubuta ƙa'ida ɗaya mai sauƙi, ta ce irin wannan an yarda da ita, ta daina barin tsoho yana roƙon manajan fili. Dokar gidaje ta 1988 ta riga ta ba ɗan haya mai nakasa damar yin gyaran da yake buƙata da kuɗinsa. Ja-in-ja a kan ko ɗaki mai taya gida ne, bayan mutum ya shekara yana kwana a ciki, wasa da hankali ne.

Gwamnatin Amurka da kanta ta ɗanɗana kuɗar wannan sakaci. Bayan guguwar Katrina ta Agustan 2005, hukumar agajin gaggawa FEMA ta raba irin waɗannan ɗakuna sama da 100,000 a Louisiana da Mississippi, a matsayin mafakar wucin gadi. Mutane suka shekara biyu, uku, wasu fiye, a ciki. A farkon 2006 masu nakasa suka kai hukumar kotu a shari'ar da aka sani da Brou, lauyoyinsu suna cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda bala'in ya kora suna da wata nakasa, amma kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ne kawai suka samu ɗakin da ya dace. An ba mai keke ɗakin da ba zai iya shiga ba, an rubuta a takarda cewa an tsugunar da shi. A cikin shekarar aka yi sulhu, hukumar ta amince ta buɗe layin waya na musamman, ta samar da ɗakuna masu gangara da faffaɗar ƙofa. Sai da alƙali ya shiga kafin a auna dokin ƙofa.

Akwai waɗanda suka gane tun da wuri. Ƙungiyar Escapees, wadda Joe da Kay Peterson suka kafa a 1978 don masu rayuwa a kan hanya, tana da cibiya a Livingston ta jihar Texas inda membobin da tsufa ko ciwo ya tsayar suke ci gaba da zama a ɗakunansu, ana ba su abinci, ana kai su ganin likita. Sun karɓi gaskiyar da masana'antu ke kauce wa: mai tafiya wata rana zai tsaya.

Mai karatu a Kano ko Maraɗi zai iya cewa wannan matsalar masu hali ce, ina ruwanmu da ɗakin hutu. To ya dubi kwantenar da aka mai da ofis, ko ɗakin shan magani, ko shagon cirar kuɗi, ko ofishin 'yan sanda na bakin hanya. Ana sauke ta a kan bulo don gudun ruwa, a jingina mata guntun bulo ɗaya a matsayin mataki, a ce na wucin gadi ne kafin a yi gini. Shekara goma tana nan. Hujjar iri ɗaya ce da ta Amurka, wanda ke biyan kuɗinta ma iri ɗaya ne: tsohuwa, mai juna biyu, makaho, da wanda shan-inna ta taɓa. Keken nan mai taya uku da ake tuƙawa da hannu, wanda masu walda ke ƙerawa a garuruwan Arewa, ya fi keken asibiti tsawo, saboda haka ya fi shi buƙatar wurin juyawa. Mai shi yakan bar shi a waje ya ja jiki a ƙasa, a gaban jama'a, don ya shiga ofishin da aka buɗe da sunan yi masa hidima.

Najeriya ba ta rasa doka ba. Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna wariya ga masu nakasa a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su gyara hanyoyin shigarsu, aka kuma kafa hukumar ƙasa mai kula da lamarin a 2020. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. Kwantenar da ke sama da ƙasa da santimita 30 gangarar da ba ta kai mita huɗu ba take buƙata, aikin da mai walda na unguwa zai gama cikin kwana biyu idan an ba shi awo daidai. Hukumomin da ke ba da izinin ajiye kwantena, da masu ba da kwangilar kafa matsugunan 'yan gudun hijira da na waɗanda ambaliya ta kora, su sa awon ƙofa da na gangara cikin sharaɗin aiki, kuma kada su biya ɗan kwangila sai mai keke ya hau ya sauka da kansa a gabansu.